Mama, Alkawarin Da Ban Cika Ba Ne Ya Kwantar Da Ɗana?

TAMBAYA

Mama, ina gaisuwa, da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Ni tela ce a Zuru, ina da ɗan shago da keke biyu. Maigidana malamin firamare ne. Yaranmu uku, na tsakiyan shekararsa bakwai, yana da sikila. A watan Nuwamba wata ƙawata ta ja ni taron farkaswa na kwana uku a cocinsu. An gayyato baƙon mai wa'azi daga kudu, yana yi da Turanci ana fassarawa. Dare na uku, wajen ƙarfe ɗaya, ya ce Ubangiji ya nuna masa wata mata mai yaro da ciwon jini, wadda ta gaji da zaryar asibiti, in ta shuka iri na naira dubu 100 a daren nan jinin yaron zai sauya. Mama, ban san sa'ad da na miƙe ba, ina ta kuka. Aka ba ni kati na rubuta sunana da lambar wayata. Washegari na kai dubu 40 daga kwasar adashina, saura dubu 60. Tun daga nan kusan kowane mako sai an kira ni. A Disamba ciwon yaron ya tashi, muka yi kwana biyar a asibiti. Da na faɗa wa matar da ke kirana, sai ta ce in tuna da Hananiya da Safiratu, in karanta Malakai 3, wai ni na buɗe wa mai cinyewa ƙofa. Maigidana bai san komai ba. Ina tunanin in sayar da keke ɗaya, ko in ci bashi ta waya. Barci ya ƙaurace mini. Ni ce na kwantar da ɗana? In ban biya ba, fashi na yi wa Allah?

Ɗiyarki, daga Zuru.

AMSA

Ɗiyata, keken nan ki bar shi inda yake, manhajar bashin nan kuma kada ki taɓa ta. Sauran maganar ma yi ta a tsanake, amma waɗannan biyun ba sa jira.

Ba ke kika kwantar da yaron ba. Da sikila aka haife shi, rabi ya gado daga gare ki, rabi daga babansa. In uwa da uba duk AS ne, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, kuma wannan magana ta ƙare shekara bakwai kafin baƙon nan ya shigo mota zuwa Zuru. Abin da ke ta da ciwon kin fi ni saninsa: sanyi, zazzaɓin cizon sauro, ƙarancin ruwa a jiki, wata cuta da ta shiga. Disamba fa kika ce. Wace uwar mai sikila ce gabanta ba ya faɗuwa in hunturu ya kama? Ki leƙa ɗakin yara na asibiti a wannan lokacin, za ki tarar da 'ya'yan Musulmi da 'ya'yan Kirista, har da 'ya'yan fastoci, waɗanda iyayensu ba su taɓa rubuta suna a katin kowa ba. Sannan ki tuna bara da bara waccan, kafin ki yi alkawarin. Bai kwanta ba? Almajirai sun taɓa nuna wa Yesu wani da aka haifa makaho, suka ce laifin wa, nasa ko na iyayensa. Ya ce ba na ko ɗaya ba ne. Yana cikin Yohanna 9, ki karanta da kanki.

Yanzu bari in gaya miki abin da ya faru da ke a daren nan, don ni na taɓa zama a ɗakin baya.

Shekara tara na riƙe ma'ajin Zumuntar Mata, saboda haka duk sa'ad da aka yi taron haɗaka ana neman masu ƙidaya baiko, sai a turo ni. Wata shekara aka yi irin wannan farkaswa a filin wata makaranta, ba zan faɗi garin ba. Daren farko aka raba takardu, aka ce kowa ya rubuta damuwarsa a saka a akwatin addu'a. Ni da idona na ga yaron baƙon ya zazzage akwatin a kan tabarma yana karantawa, yana ware wasu gefe. Dare na uku sai ga waɗannan damuwoyin suna dawowa daga kan bagade a matsayin wahayi. Da aka kira kuɗi mafi girma, mutum biyu suka fara miƙewa da hanzari, aka yi ta guɗa. Har aka rufe lissafi ban ga kwabon ɗayansu ba, da na tambaya aka ce in bar maganar. Su an tsayar da su ne kawai don su karya kunya, kamar yadda mai gwanjo ke zuwa kasuwa da yaransa su fara taya. Abin da aka tara kuma, tun kafin baƙon ya iso an riga an daidaita kasonsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ban ce haka aka yi a taron da kika je ba, ba na wurin. Amma ko ba akwati, wahayin nan nasa ba shi da wuya. A Nijeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da ƙwayar sikila. Ko ni in na tsaya gaban mutum ɗari uku na ce akwai uwa mai yaro da ciwon jini, ba zan yi kuskure ba, sai dai su yi mini yawa. Haka in na ce akwai wadda aka yi shekaru da aure ba haihuwa, ko wanda ya gama makaranta ba aiki.

Ki kuma lura da lokacin. Ba a kiran irin wannan kuɗi da ƙarfe goma na safe, mutum ya karya kumallo, mijinta na zaune gefenta. Sai dare na uku, an yi kwana biyu ba barcin kirki, wataƙila ma ana azumi, an yi waƙa har murya ta dushe, mai kiɗa yana jan sauti a hankali. Sai a fara daga sama, dubu 100, don in an sauko dubu 20 ta zama kamar ba komai. Sai a ce a daren nan ne kawai, ƙofa za ta rufe, kada ki yi shawara da nama da jini. Nama da jinin nan fa mijinki ake nufi. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa yake. Shekara bakwai kina cikin ruwan nan. Ba wauta ce ta ɗaga ki daga kujera ba, ɗanki ne.

Ni ma na taɓa miƙewa. Bayan ɓarina na biyu na cire 'yan kunnen zinariyar da mahaifiyata ta ba ni na jefa a kwando, ina kuka kamar ke. Wata huɗu ina ɓoye kunnuwana cikin ɗankwali don kada maigida ya lura. Ashe tun makon farko ya gani, yana jira ne in yi magana.

To, ayoyin da aka jefe ki da su. Hananiya da Safiratu sun sayar da fili, suka ɓoye wani sashe na kuɗin, suka zo suka nuna kamar duka ne suka kawo, sai suka faɗi matattu. Ki duba Ayyukan Manzanni 5:4 da kyau. Bitrus da bakinsa ya gaya wa Hananiya cewa filin nasa ne kafin ya sayar, kuɗin ma bayan sayarwa yana hannunsa, yadda ya so zai yi da shi. Ƙarya ce laifinsu. Ke wa kika yi wa ƙarya? Kin kai dubu 40, kin ce dubu 40 ne, kin faɗi dalilin da ya hana sauran. Wanda ya ɗauko labarin gawa biyu ya karanta wa uwar da ɗanta ke kwance ana yi masa ƙarin ruwa, shi ya kamata ya rasa barci.

Malakai 3 kuwa maganar zakka yake yi. Saboda masu karatunmu Musulmi: abin da Kirista ke kira zakka ɗaya ne cikin goma na abin da mutum ya samu, ya bambanta da zakkar dukiya ta Musulunci, wadda ake fitar da ɗaya cikin arba'in bayan nisabi ya cika shekara ta zagayo. Annabi Malakai da Isra'ilawa yake, bayan dawowarsu daga bautar Babila, sun bar rumbun haikali fayau, Lawiyawa masu hidimar haikalin, waɗanda ba su da gonar gado, ba su da abinci. Mai cinyewar da ya ambata shi ne abin da ke lalata amfanin gona, irin su fara. Kiristoci sun sha bamban a kan ko wannan doka ta hau kanmu yau, ni ina bayarwa kuma ba na gardama da wanda ya fahimci abin daban. Amma ko mai tsananin riƙo da zakka ya san ita daban, irin dubu 100 na baƙo daban. Kuma akwai ayar zakkar da ban taɓa jin an karanta ta a daren tara kuɗi ba, Maimaitawar Shari'a 14:28-29, inda aka ce duk shekara ta uku a tara ta cikin gari don Balawe da baƙo da maraya da gwauruwa su zo su ci su ƙoshi.

Ba zan ɓoye miki ba, akwai ayar da ke gefensu. Mai Hadishi 5 ya ce in ka yi wa Allah wa'adi kada ka yi jinkirin cikawa, gara ma kada ka yi da ka yi ka ƙi cikawa. Na san ita ce ke cin ki a rai, ko ba a karanta miki ba. Baki abu ne mai nauyi, ban raina wannan ba. Sai dai Shari'ar da ta ɗauki wa'adi da nauyi ita ce kuma ta san talaka. Littafin Firistoci 27:8 ya ce in wanda ya yi wa'adi ya rasa ƙarfin biyan abin da aka ƙayyade, a kai shi gaban firist ya yanka masa gwargwadon ƙarfinsa. Aikin firist ke nan, ya rage wa mutum kaya. A Markus 7 kuma Yesu ya tsawata wa malaman da ke koya wa mutum ya ce dukiyarsa keɓaɓɓiya ce ga Allah, har ya kasa taimakon iyayensa da ita. Ya ce sun soke maganar Allah da al'adarsu. In haƙƙin tsoho da tsohuwa bai faɗi don an ambaci sunan Allah ba, na yaro mai shekara bakwai ma bai faɗi ba. Kuɗin adashin nan tun farko na maganinsa ne da na makarantar 'yan'uwansa, kuma rabin shawararsa ta babansu ce. Kin yi alkawari da abin da ba naki ke kaɗai ba. In akwai abin tuba, wannan ne, kuma a durƙushe a ɗakinki ake yin sa, ba ya bukatar lambar asusun kowa.

Masu shuka iri suna son labarin gwauruwar Zarefat da ta ba Iliya ɗan garin da ya rage mata. Kullum shi suke ɗaukowa. Ni kuwa na fi son na 2 Sarakuna 4. Wata gwauruwa ta zo wa Elisha, mai bin bashi zai kwashe 'ya'yanta biyu. Elisha bai karɓi ko anini a hannunta ba. Da man ya cika tukwane ya ce ta je ta sayar, ta biya bashinta, ita da 'ya'yanta su ci sauran. A babi na gaba ma Na'aman ya warke daga kuturta, ya kawo dukiya, Elisha ya rantse ba zai karɓa ba. Baransa Gehazi da ya bi bayan mutumin ya karɓo, shi kuturtar ta kama.

Wannan koyarwa ta shuka iri da kuɗi ba da ita muka tashi ba. Mahaifiyata in an yi girbi takan ɗauki damin dawa a ka ta kai majami'a, ta jingina a bango cikin sauran, ba wanda ya san na wane ne babba. Daga nan fasto ke ci, daga nan ake ɗiba wa gwauraye. Ba ta taɓa tsammanin dami ɗaya zai dawo mata ɗari ba, ta san taki da ruwan sama ke yin wannan aikin. Salon da kika gani daga Amurka ya zo. Wani mai wa'azi na birnin Tulsa, Oral Roberts, shi ya yaɗa shi ta rediyo da talabijin, har a 1987 ya gaya wa masu kallonsa cewa in ba a tara masa dala miliyan 8 ba zuwa ƙarshen Maris, Allah zai ɗauke ransa. Aka kuwa tara. A ƙasar nan Benson Idahosa na Benin, wanda ya rasu a 1998, yana cikin waɗanda suka fara buɗe wa wa'azin arziki hanya, daga kudu kuma ya hauro mana. Abin da ba a cika gaya wa mutane a taron farkaswa ba shi ne wasu manyan abin sun fara janye jiki. A 2019 Benny Hinn ya faɗa a bainar jama'a cewa ya daina kiran mutane su ba da dala dubu, ya ce sa wa bishara farashi ɓata wa Ruhu Mai Tsarki rai ne. A 2022 Creflo Dollar ya ce abin da ya koyar a kan zakka shekara da shekaru ba daidai ba ne. A Oktoban 2024 Fasto Adeboye na Redeemed ya nemi gafara kan maganar da ya taɓa yi cewa wanda ba ya ba da zakka ba zai shiga sama ba. Na yaba da neman gafarar, ba kowane babba ke iyawa ba. Sai dai ban ji an bi gida gida an mayar wa matan da suka sayar da kekensu ba.

Ki gaya wa maigidanki cikin makon nan. Ki bari ya ci abinci, yara sun kwanta. Ki fara da kuɗin, ki faɗi adadin daidai, kada ki rage. Zai yi fushi, dubu 40 ba wasa ba ce a albashin malamin firamare, kuma yana da haƙƙin fushin. Amma gara ya ji daga bakinki da ya ji daga bakin masu bashin waya, waɗanda in an yi jinkiri suke bin duk lambobin da ke wayar mutum suna aika saƙon cin mutunci. Abin ya kai har hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a 2022. In kina jin tsoron yadda zai ɗauka, ki nemi matar fastonku ko wata babba a Zumuntar Mata ta zauna tare da ku.

In matar nan ta sake kira, ki gaishe ta da mutunci, ki ce: na yi alkawari cikin ruɗewa, na kawo abin da na iya, sauran na maganin ɗana ne, a cire sunana. Kada ki tsaya musayar ayoyi da ita, ita ma aiko ta aka yi, mai yiwuwa tata dubu 60 ɗin na kanta. In kiran bai tsaya ba ki toshe lambar. Katin da kika cika ba takardar bashi ba ne, ba abin da kika karɓa a hannunsu, alkawarin kyauta kuma ba a kai mutum kotu a kansa. Dubu 40 ɗin ki ɗauka ta tafi. Ƙawarki kuwa kada ki yanke ta, amma ki gaya mata abin da aka faɗa miki ranar da ɗanki ke kwance, ki ga fuskarta.

Baikonki na cocinku ki ci gaba da shi daidai ƙarfinki, yadda Bulus ya ce a 2 Korintiyawa 9:7, abin da mutum ya ƙudura a ransa, ba da ɓacin rai ko tilas ba. Yaron kuma a samo masa rigar sanyi mai kauri da safa, ya kwana cikin gidan sauro, gorar ruwa ta bi shi makaranta, kada folik asid ɗinsa ya yanke. In kun koma asibiti ki tambayi likita ko maganin nan hydroxyurea ya dace da shi, yana rage yawan tashin ciwon ga yara da dama. Ki rubuto mini bayan kun yi magana da babansu.

TAMBAYA

Mama, ni dattijo ne a wata ƙaramar ikilisiya a ƙasar Wasagu. Rashin tsaro ya watsa fiye da rabin mutanenmu, wasu suna Ribah, wasu Zuru. Wata uku ba mu biya fastonmu ba, jinkar ɗakin sujada kuma tana yoyo. Wani ya ba mu shawara mu gayyato mai wa'azin da ya iya tara kuɗi, ya ɗauki kashi ɗaya cikin uku. Ni ban natsu ba, amma fasto yana da iyali. Me kika gani?

Wani dattijo, daga ƙasar Wasagu.

AMSA

Dattijo, sannu da ɗawainiya, Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Haƙƙin fasto gaskiya ne, ma'aikaci ya cancanci ladansa, kuma ikilisiyoyinmu na ƙauye sun daɗe suna cutar masu yi musu hidima da sunan haƙuri. Amma ka karanta wasiƙar da ke sama. Baƙon zai tafi da kasonsa ranar Litinin, ku za ku zauna da matan da ya sa suka yi alkawarin abin da ba su da shi, kuma kai za a ba wayar kiransu.

Ran Lahadi bayan sujada ku rubuta lissafin a allo kowa ya gani: abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ake bin ku na fasto, kuɗin bandir ɗin kwano. Mutum biyu su riƙa ƙidaya baiko, na uku ya rubuta. Ku karɓi dawa da masara da kaza a matsayin baiko kamar dā, ba a kiran suna. Ku aika wa 'ya'yanku da ke aiki a Birnin Kebbi da Sakkwato da Abuja hoton allon nan ta WhatsApp, ku kuma kai kuka ofishin gundumar ɗarikarku a rubuce. Ku fara da bashin fasto. Jinka kuwa a liƙe inda ke yoyo, a ja benci gefe, ta kai ku kaka.